Digirin Tarihi da Bashin Dala Dubu Ɗari: Yadda Amurka Ta Koyi Auna Ilimi da Albashi

Wani daren Laraba, bayan na sauka daga shirin da nake gabatarwa a wani gidan rediyo a Kumasi, na buɗe waya na tarar da saƙon murya mai tsawon minti shida. Mai saƙon wani dattijo ne ɗan zangonmu, wanda ya haura shekara ashirin yana tuƙin tasi a birnin New York, kuma yakan saurare mu ta intanet daga unguwar Bronx. Bayan doguwar gaisuwa sai ya ce: "Ɗana, na zo da matsala, don na ga kai mai yawan karance-karance ne. Ƙanwarka ta samu gurbi a wata sananniyar kwaleji mai zaman kanta. Sun rage mata kuɗi, amma duk da haka akwai giɓin dala 25,000 kowace shekara, sai dai mu ci bashi. Da likita ko injiniya za ta karanta, da ban tsaya tambayar kowa ba. To, ita tarihi ta ce tana so, da falsafa. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, wannan karatu zai biya bashin dala 100,000?"

Na ce, "Baba, a ba ni mako biyu." A cikin makonnin nan biyu ne na fahimci cewa ita kanta tambayar tana da tarihi. Akwai lokacin da ba a yin ta a Amurka, akwai shekarun da aka fara yin ta, kuma akwai mutanen da suka sa ta zama dole a kan kowane uba. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi lissafin, amma zai auna abin da bai kamata ya fara aunawa ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na samu, ko zai amfani wani.

Karatun 'yantattu

Irin karatun da yarinyar nan ke so, Turawa sun gaji sunansa daga Rumawa, waɗanda suka kira shi artes liberales, wato fannonin da suka dace da ɗa, wanda ba bawa ba. A makarantun Turai na tsakiyar zamani fannonin guda bakwai ne: nahawu, mantiƙi da balaga a matakin farko, sai lissafi, ilimin awon siffofi, kiɗa da ilimin taurari a mataki na biyu. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami zai ga ukun farkon ba baƙinsa ba ne. A yau sunan ya haɗa tarihi, adabi, falsafa, harsuna, nazarin zamantakewa da tsantsar kimiyya, wato duk karatun da ba a ɗaure shi da sana'a guda ba. A wannan rubutu zan riƙa kiransa karatun 'yantattu.

Sunan da kansa ya tona asiri. Karatu ne na wanda ba ya fargabar abincin gobe. Kwalejojin farko na Amurka, tun daga Harvard da aka kafa a 1636, 'ya'yan masu hali suke koyarwa Latin da Girkanci domin su zama limaman coci, lauyoyi da masu mulki. Da aka fara ƙorafi cewa ƙasa mai gina hanyoyi da masana'antu ba matattun harsuna take buƙata ba, malaman jami'ar Yale suka fitar da rahoto a 1828 suna kare tsohon tsari, da hujjar cewa aikin kwaleji shi ne horar da ƙwaƙwalwa, sana'a kuwa ta biyo baya. Masu ƙorafin sun samu nasu rabon a 1862, lokacin da Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta bai wa jihohi filaye, mafi yawansu waɗanda aka ƙwace daga 'yan asalin ƙasar, domin su sayar su kafa kwalejojin noma da kanikanci.

A cikin baƙaƙen fata ne wannan gardama ta fi zafi, domin su ne suka fito daga bauta a zahiri. Booker T. Washington, wanda ya fara jagorancin makarantar Tuskegee a 1881, yana ganin wanda aka 'yanta jiya kamata ya yi ya koyi gini, noma da kafinta, ya tara abin kansa tukuna. W.E.B. Du Bois kuwa, baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a Harvard a 1895, kuma a fannin tarihi, ya ce al'ummar da ba ta da malamai da masu tunani nata, wasu ne za su riƙa yi mata tunani har abada. Mu a Ghana wannan gardama ba ta yi mana nisa ba. Du Bois a Akara ya rasu a 1963, a nan kabarinsa yake. Kwame Nkrumah kuma, da ya je jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania a 1935, tattalin arziki da nazarin zamantakewa ya karanta, daga baya ya ƙara da falsafa. Abin lura shi ne, duk zafin gardamar nan, a kan amfanin ilimi ga al'umma ake yin ta. Babu wanda ya kawo maganar bashin da ɗalibi zai fita da shi, domin tsarin bashin bai wanzu ba tukuna.

Shekarun da gwamnati ta biya

A watan Yunin 1944 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar kula da sojojin da za su dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, wadda aka fi sani da GI Bill. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin makarantar tsohon soja har dala 500 a shekara, kuɗin da a lokacin ya isa shiga manyan jami'o'i, ta kuma haɗa masa da na abinci da haya. Sama da mutum miliyan biyu suka shiga jami'a ta wannan ƙofa, har ta kai a 1947 kusan rabin ɗaliban ƙasar tsofaffin sojoji ne. Ba a tambayi kowa me zai karanta ba. Ɗan manomi ya karanta adabi, ɗan mahaƙin kwal ya karanta tarihi. Sai dai ba kowa ya ci wannan gajiya ba, domin a jihohin kudu, inda wariyar launin fata ke aiki, an rufe wa baƙaƙen sojoji ƙofofin mafi yawan jami'o'i.

Bashin karatu daga gwamnatin tarayya ya shigo ne ta ƙofar tsoro. A watan Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, hankalin Amurka ya tashi. A 1958 aka yi dokar ilimi domin tsaron ƙasa, wadda ta tanadi rance har dala 1,000 a shekara da ruwa kashi 3 cikin 100, kuma wanda ya zama malamin makarantar gwamnati ana iya yafe masa har rabi. A watan Nuwamban 1965 Shugaba Lyndon Johnson, wanda ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a Texas, ya koma tsohuwar kwalejinsa ta garin San Marcos ya sa hannu a babbar dokar ilimi mai zurfi. Dokar ta kawo tallafi kyauta ga marasa hali, ta kuma ce bankuna su bai wa ɗalibai rance, gwamnati ta tsaya musu. A 1972 aka ƙara da tallafin da daga baya aka sa wa sunan Sanata Claiborne Pell. A tsakiyar shekarun 1970 mafi girman wannan tallafi yana biyan sama da kashi uku cikin huɗu na kuɗin karatu da zama a jami'ar gwamnati. Rance a lokacin ciko ne kawai, kamar gishiri a miya.

Yadda ɗalibi ya koma jari

Ana cikin wannan yalwa ne wasu masana tattalin arziki na jami'ar Chicago suka zo da wata fahimta. A 1955 Milton Friedman ya rubuta cewa karatun sana'a jari ne da mutum ke zubawa a kansa kamar yadda ake sayen inji, kuma tunda shi zai ci ribar, shi ya kamata ya biya. Ya ba da shawarar a ba ɗalibi kuɗi, shi kuma ya riƙa biyan wani kaso na abin da yake samu bayan ya gama. A 1964 Gary Becker ya fitar da littafinsa kan jarin ɗan Adam, inda ya nuna yadda ake lissafa ribar kowace shekarar karatu. Daga nan aka samu ma'aunin da Baba na Bronx yake nema a hannuna, ko da yake bai taɓa jin sunan ɗayansu ba.

Siyasa ce ta fitar da wannan fahimta daga aji zuwa kasuwa. Jihar Kalifoniya tana da tsarin da ta tabbatar a 1960 cewa 'yan jiha ba sa biyan kuɗin koyarwa a jami'o'inta. Zanga-zangar ɗaliban Berkeley daga 1964 ta ɓata wa masu zaɓe da yawa rai, Ronald Reagan ya yi kamfen da wannan fushi ya zama gwamna. A watan Fabrairun 1967 ya gaya wa 'yan jarida cewa bai kamata a ɗora wa masu biyan haraji nauyin son sani kawai ba. A 1970 aka shigo da sabon kuɗi a jami'ar jihar, ko da yake an kauce wa kiransa kuɗin koyarwa. A ɗaya gefen ƙasar, jami'ar birnin New York, wadda tushenta makaranta ce ta kyauta tun 1847, ta fara karɓar kuɗi a 1976 sa'ad da baitulmalin birnin ya kusa durƙushewa.

Ɗalibai ma sun canza. Akwai wani bincike da jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ke yi wa sababbin ɗalibai shekara da shekaru. A ƙarshen shekarun 1960 sama da kashi 80 cikin 100 sun ce gano ma'anar rayuwa babban burinsu ne, waɗanda suka ce tara dukiya kuwa ba su kai rabi ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 lamarin ya juye, kuma bai sake komawa ba. Ba na ganin laifin yaran. Wanda aka ɗora wa kaya dole ya tambayi nisan tafiya.

Bashin da ba ya mutuwa

A dokar Amurka, wanda bashi ya yi wa katutu yana iya zuwa kotu ya bayyana karayar arziki, a raba abin da ya mallaka ga masu bin sa, a share sauran. A 1976 majalisa ta ce bashin karatu ba ya shiga wannan sassauci sai bayan shekara biyar da fara biya. A 1990 aka mayar da shi shekara bakwai. A 1998 aka cire wa'adin gaba ɗaya, a 2005 kuma aka haɗa da bashin karatu na bankuna masu zaman kansu. Ƙofa ɗaya ta rage, wato mutum ya gamsar da alƙali cewa biyan zai jefa shi cikin matsanancin ƙunci, kuma kaɗan ne ke wucewa ta cikinta. Ke nan ɗan caca na iya samun afuwar kotu, amma malamar makarantar da ta ci bashi ta yi digiri da wuya ta samu.

A daidai wannan lokaci kuɗin makaranta na ta hawa. Daga 1980 zuwa 2020 kuɗin koyarwa a jami'o'in gwamnati ya ninka fiye da sau uku, bayan an cire hauhawar farashi. Tallafin Pell da a da ke biyan kashi uku cikin huɗu ya koma bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. An buɗe wa iyaye nasu rancen a 1980, gyaran dokar 1992 kuma ya cire masa iyaka, ya zama uba na iya cin duk abin da makaranta ta nema. Da tattalin arziki ya karye a 2008, jihohi suka zaftare kuɗin da suke ba jami'o'i, su kuma suka ɗora wa ɗalibai. A 2010 bashin karatu ya zarce na katin banki, a 2012 ya haura dala tiriliyan ɗaya, daga baya kuma ya haura tiriliyan 1.7 a wuyan mutum sama da miliyan 40.

A nan ne karatun 'yantattu ya zama abin zolaya. A watan Janairun 2014, a jihar Wisconsin, Shugaba Barack Obama ya ce mai sana'ar hannu na iya samun abin da ya fi na mai digirin tarihin zane-zane, har daga baya ya rubuta wa wata malamar fannin takardar ban haƙuri da hannunsa. A 2015 Sanata Marco Rubio ya ce masu walda ƙasar ke buƙata fiye da masana falsafa. A shekarar ce gwamnati ta fara wallafa albashin tsofaffin ɗaliban kowace makaranta a intanet. Iyaye sun ji, sun kuma yi aiki da abin da suka ji. Tsakanin 2008 da 2017 yawan masu kammala digirin tarihi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yunƙurin Shugaba Joe Biden na yafe dala 10,000 zuwa 20,000 ga kowane mai ƙaramin ƙarfi, Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Yunin 2023.

Abin da alƙaluma suka ce

To, yanzu mu zo kan ma'aunin. Wata cibiyar bincike ta jami'ar Georgetown ta ƙiyasta a 2021 cewa matsakaicin mai digirin farko yana samun dala miliyan 2.8 a tsawon rayuwar aikinsa, wanda ya tsaya a sakandare kuwa miliyan 1.6. Cibiyar ta nuna a 2015 cewa fanni yana da tasiri ƙwarai: injiniyan man fetur na samun wajen dala 136,000 a shekara, malamin ƙananan yara kuwa 39,000. Masu tarihi da adabi suna tsakiya, sun fi kusa da ƙasa a shekarun farko. Wannan gaskiya ce, kuma wanda ya ɓoye wa uba ita ya cuce shi.

Sai dai akwai abubuwa uku da wannan lissafi ke rufewa. Na farko shi ne lokacin da aka yi awon. Cibiyar Georgetown ɗin ta duba ƙananan kwalejojin karatun 'yantattu a 2020, ta ga cewa shekara goma bayan shiga, ribar da ɗalibinsu ya ci dala 62,000 ce, alhali matsakaicin duk makarantu 107,000 ne. Amma bayan shekara arba'in tasu ta kai 918,000, ta sauran kuwa 723,000. Wani rahoto na ƙungiyar kwalejojin ƙasar a 2014 ya gano cewa tsakanin shekara 56 zuwa 60 da haihuwa, masu digirin adabi da zamantakewa sun ɗan zarce waɗanda suka yi digirin sana'a kai tsaye, ko da yake ba su kamo injiniyoyi ba. A nan ma a yi hattara, domin da yawansu sai da suka ƙara digiri na biyu, wanda shi ma kuɗi ne, kuma sanannun kwalejojin nan dama 'ya'yan masu hali suka fi ɗauka. Abin da za a riƙe shi ne, irin wannan karatu kamar dashen mangwaro yake, yana jinkirin 'ya'ya, bashi kuwa wata shida bayan kammalawa yake fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Na biyu shi ne kammalawa. Cikin ɗalibai goma da suka shiga digirin farko, wajen shida ne ke gamawa cikin shekara shida. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗanda suka fi kasa biya su ne masu ƙananan basuka, ƙasa da dala 10,000, domin yawancinsu sun bar karatu a hanya, sun fita da bashi ba takarda. Yaron da aka tilasta wa injiniya alhali zuciyarsa na kan tarihi, idan ya faɗi a shekara ta biyu, ya fi kowa asara.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne girman bashin. Matsakaicin wanda ya ci bashi ya gama digirin farko yana fita da wajen dala 30,000, kuma iyakar abin da gwamnati ke ranta wa ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa 31,000 ne. Na zauna na yi lissafi da kaina. Bashin 30,000 da ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekara goma, dala 333 ne kowane wata. Bashin 100,000 da irin wannan sharaɗi dala 1,110 ne. Mu ƙaddara yarinya ta fara aiki da 45,000 a shekara, wato 3,750 a wata kafin haraji. Na farkon zai ci wajen kashi 9 cikin 100 na albashinta, na biyun kusan kashi 30, ga haya a New York. Digirin ɗaya ne, yarinyar ɗaya ce, farashin ne kawai ya bambanta, amma rayuwa biyu ce daban.

Wasu ƙasashen da namu

Shawarar Friedman ta biya gwargwadon samu, jami'ar Yale ta gwada ta a shekarun 1970, ta ɗaure ɗaliban kowane aji da bashin junansu. Masu samu da yawa suka fanshi kansu da wuri, wasu suka daina biya, sauran suka yi ta ja har aka yafe ragowar a 2001. Ostireliya ce ta mayar da ita tsarin ƙasa a 1989, inda ake cire biyan ta hanyar haraji, kuma sai albashi ya kai wani mataki. Ingila ta fara karɓar fam 1,000 a 1998, ta kai 3,000 a 2006, sannan 9,000 a 2012, ita ma da biya gwargwadon albashi. A irin wannan tsari, idan karatun bai kawo kuɗi ba, gwamnati na ɗaukar wani ɓangare na asarar. Duk da haka ma'aunin Becker ya bi su can. Daga 2021 Ostireliya ta ninka kuɗin karatun tarihi da falsafa fiye da sau biyu, zuwa dalar ƙasar 14,500 a shekara, da nufin kora ɗalibai zuwa wasu fannoni.

Mu ma iskar ta kaɗo mu. A shekarun 1980 Bankin Duniya ya yi amfani da irin wannan lissafin riba ya shawarci ƙasashen Afirka su karkata kuɗi zuwa firamare, ɗaliban jami'a su ɗauki wani kaso na nauyinsu. Ghana ta fara rancen ɗalibai ta hannun asusun fansho na SSNIT a ƙarshen shekarun 1980, ta kafa asusu na musamman a 2005. Najeriya ta yi sabuwar dokar rancen ɗalibai a 2023, ta sake ta a 2024, rance marar ruwa da ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ke nan tambayar Baba tana hanyar zuwa gidajenmu, in ma ba ta riga ta iso ba. Akwai kuma maganar riba, wadda ta hana Musulmi da yawa a Turai da Amurka barci. A 2013 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi alkawarin samar da tsarin da ya dace da shari'a, aka shafe sama da shekara goma ana jira. Hukuncin wannan na malamai ne, na kuma gaya wa Baba ya tuntuɓi nasa.

Amsar da na bayar

Da mako biyu suka cika na kira shi. Na ce, "Baba, kafin in ba da amsa, wannan kwaleji kaɗai ce ta ɗauke ta?" Ya ce a'a, jami'ar birni ma ta ba ta gurbi, kuma da tallafin gwamnatin tarayya da na jiha kusan ba abin da za su biya, za ta riƙa zuwa daga gida a jirgin ƙasa. Bai ambace ta ba tun farko ne saboda a ganinsa makarantar talakawa ce. Na kuma tambaye shi sunan wa za a rubuta a kan bashin. Ya yi shiru, sannan ya ce sun ce kaso mafi girma sai dai shi ya sa hannu. Mutum ne da ya ba sittin baya, gwiwoyinsa sun fara ciwo, burinsa ya dawo gida ya ƙarasa ginin da ya fara.

Na ce masa a fahimtata, tarihi a kan dala 100,000 na bashi caca ce da talaka bai kamata ya shiga ba. Tarihi a kan bashi kaɗan ko babu kuwa, ba na jin tsoronsa ko kaɗan, musamman ga yarinyar da ke son abin har za ta gama shi da sakamako mai kyau, ta haɗa da wani harshe ko ƙwarewar lissafin alƙaluma, ta nemi aikin horo tun tana makaranta. Na ce idan ana rage wani abu, a rage farashi, a bar mata fanninta.

Ya ce, "Kai ma da ka karanta aikin jarida, ya biya ka?" Na yi dariya na ce idan da albashi za a auna difilomata, da tuni an kore ta daga kasuwa. Amma da ita na iya bin diddigin wannan magana daga 1828 zuwa yau har na kawo masa amsa, kuma ban ci bashin kowa a kanta ba, shi ya sa ƙarancin albashin bai zame mini sarƙa ba.

Yarinyar ta shiga jami'ar birni. Na ji cewa ta yi kuka, kuma ban ga laifinta ba. Ta rasa ƙananan azuzuwa, da zama cikin makaranta, da abokan da iyayensu ke da hanya a manyan ofisoshi, kuma waɗannan abubuwa suna da daraja ta gaske wadda 'yar mai kuɗi za ta samu ba tare da ta yi wani lissafi ba. Tsohon sojan 1947 ma bai yi lissafi ba, domin ƙasarsa ta yanke cewa karatunsa na kowa ne. Jami'ar da take zuwa yanzu ta shekara 129 tana koyar da 'ya'yan baƙin haure kyauta kafin 1976. Na roƙi Baba ya gaya mata wannan, tunda tarihi take karantawa. Allah Ya ba ta ilimi mai amfani, Ya raba iyayenmu da bashin da zai bi su har tsufa.